Tagogi Nawa Ne a Tasharku?

Da son raina ne, ranar Asabar ɗin nan kwanciyata zan yi. Kwanana goma sha biyu ke nan a Ingila, cikin watan Yulin 2024, kuma 'yata ta riga ta zaga da ni duk inda ake kai baƙo a Landan. Na ga fadar sarki ta bayan shinge, na ga agogon nan na bakin kogi, gwiwoyina sun ce sun ƙoshi. To amma ita tana da aiki a asibiti ranar, maigidanta ya yi tafiya, ga jikana ɗan shekara goma sha ɗaya ya kafe kai da fata sai an kai shi kallon wasu jiragen wasa.

"Baba, don Allah ka taimaka ka raka shi. Tun watan jiya na yi masa alkawari."

Na ce, "Jirgin wasa? Ni da aka haifa a gidan reluwe, kukan jirgin gaske ya yi mini reno, yau da furfurata za a kai ni kallon na roba?"

Sai ja'irin ya sa baki da 'yar Hausarsa mai karkata: "Kaka, ba na roba ba ne. In tsoron ɓata kake yi ka faɗa, sai in riƙe maka hannu."

Tsakanin kaka da jika ba a ja da nisa. Na ɗauki hulata da lema muka fita.

Daga Reading, inda suke zaune, zuwa Didcot tafiyar kwata ce a jirgi, ko zama ban gama gyarawa ba aka ce mun iso. Layin tsoho ne, shi ne wanda injiniya Brunel ya shimfiɗa wa kamfanin Great Western daga Landan zuwa Bristol, aka gama shi a 1841, shekara saba'in cif kafin dogo ya shiga Kano. Muna sauka wani ƙamshi ya daki hancina, na tsaya cak. Hayaƙin kwal ne gauraye da tururi da baƙin mai. Ashe a bayan tashar akwai tsohuwar rumfar injuna ta 1932, wadda wata ƙungiyar 'yan sa-kai ke riƙe da ita, kuma ranar sun hura wa wani inji wuta. 'Yan makaranta huɗu ne suka fara ƙungiyar a 1961, don kawai su tara kuɗi su ceci inji guda kada a yanka shi a sayar da ƙarfen.

Rabona da wannan ƙamshi ya kusa shekara hamsin. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai juya layi ne a wata 'yar tasha tsakanin Zariya da Funtuwa, kan layin Ƙaura Namoda, gidanmu kuwa jifa ɗaya ne daga dogon. Duk shanyar da Inna ta yi, in jirgi ya wuce, sai ta kwashe ta da ɗigon baƙi tana mita. Na ce wa yaron mu shiga nan, ga na gaske. Ya ce a'a, alkawari alkawari ne. Muka hau tasi.

Ƙauyen da muka nufa sunansa Long Wittenham, bai wuce tafiyar minti goma ba, kusa da kogin Thames. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne gidajen jinka. A nan jinka rufin masu kuɗi ne, don mai baibayar sai an yi layi kafin a same shi, kuma ladan aikinsa ba na wasa ba ne. Mu da muka yi ta gudun bunu muna neman kwano, ga wasu sun zagayo suna biyan kuɗi su koma inda muka baro.

Gidan tarihin, Pendon sunansa, ba abin da za ka waiwaya ka kalla ba ne daga waje. Da ba don allon ba, sai ka ce ɗakin taron wata ƙaramar makaranta. Wata dattijuwa ta sayar mana da tikiti, wani dattijo ya nuna mana hanya, wani kuma yana can yana shirya kofuna. Kusan duk wanda ka gani da alamar wurin a ƙirji ɗan sa-kai ne, kuma in ka haɗa shekarun uku daga cikinsu za ka haura ɗari biyu.

A ƙasa muka fara. Akwai wani tsohon aiki mai suna Madder Valley, na wani mutum John Ahern da ya fara shi tun shekarun 1930, wanda masu harkar ke girmamawa don yana cikin na farko da suka yi wa jirgi gari da kogi da tudu, maimakon a bar shi yana zagaye a kan tebur. Ya tsufa, don haka 'yan kwanaki ƙalilan ake kunna shi a shekara, ranarmu ba ta cikinsu. Muka wuce ɗakin Dartmoor, inda aka yi doguwar gadar katako irin wadda Brunel ya riƙa kafawa a yammacin ƙasar. Wani mai gemu ya zauna bayan maɓallai yana sako jirage ɗaya bayan ɗaya yana bayani. Da ya sako na kwal, inji guda yana jan taragai a hankali kamar mai tsoron tada barci, jikana ya hau ƙidaya da ƙarfi, ya kai saba'in da wani abu ya rikice, ya ce a dawo da shi baya. Daga nan aka rage fitilun ɗakin, jirgin fasinja ya ratso gadar da 'yan fitilunsa a kunne, har kana hango kawunan mutane a ciki.

Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma a zuciyata cewa na yi, to, wasan yara ne dai da ya sami kuɗi da lokaci.

Da muka hau sama ne bakina ya mutu.

Ɗaki ne guda, a tsakiyarsa an killace wata ƙasa da gilashi, tsawonta wajen mita 21, faɗinta wajen mita 9. Na ce ƙasa don ban san me zan kira ta ba. Gonaki ne da shingaye da hanyoyin farar ƙasa, da tudu, da ƙauye a kan tudun, dogo kuwa yana can yana ratsa gefe kamar ba don shi aka yi wurin ba. Kana iya tsayuwa minti da yawa ba ka ga jirgi ya gifta ba, kuma ba wanda ya damu. Kwarin Farin Doki ne, yankin da ke tsakanin Oxford da Swindon, yadda yake a shekarun 1920 da 1930. Sunan ya samo asali daga hoton wani doki mai tsawon mita 110 da magabata suka yanka a jikin tudun alli kusa da Uffington shekara wajen 3,000 da suka wuce. Shi ma dokin, da ba don jama'a na taruwa suna cire masa ciyawa suna ƙara masa alli ba, da tuni ya ɓace.

Na sunkuya ina leƙen wani gida. Ga lambu a bayansa da layukan kabeji, kowane da ganyensa. Ga shanya a kan igiya. Ga jinkar ta zauna a tsakiya kamar yadda tsohon rufi ke yi in damina ta yi masa yawa, gefe guda har ta yi kore. Ta taga ina hango tebur da kujera. Ƙofar gidan ba ta kai tsawon gaɓar babban yatsana ba.

"Yallaɓai, ka dubi bangon da kyau," in ji wata murya a bayana.

Dattijo ne siriri, zai girme ni da kamar shekara goma, da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu duk da ana cikin zafinsu. Ya miƙo mini madubin ƙara girma da ke rataye a wuyansa. Na kara a ido, sai na ga ashe jan bangon nan ba ja ɗaya ba ne. Kowane bulo da launinsa: wani ya ƙone, wani ya koɗe, wani gishirin ƙasa ya ci gindinsa. Ya ce ma'aunin wurin duka milimita huɗu ne a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 76. Mutum mai ƙafa shida zai zama milimita 24. Bulo mai inci tara zai zama milimita uku a tsawo, ɗaya a kauri, ƙwayar shinkafa ta fi shi. Da farin kwali ake yin bangon, a tsaga layin kowane bulo da tsinin ƙarfe, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da fentin ruwa da buroshi mai 'yan gasu ƙalilan. Ya ce jinkar kuwa, a farkon lamari da gashin mutum aka riƙa yin ta, daga baya aka koma zaren rama irin wanda masu aikin famfo ke naɗawa a bakin bututu.

Jikana ya dubi hulata ya ce, "Kaka, kai kam ba ka da gudummawar da za ka bayar."

Dattijon bai ji Hausa ba, amma ya ga inda idon yaron ya nufa, ya cire tasa hular ya nuna mana nasa sanƙon. Daga nan muka saba.

Shi ya ba ni labarin mai wurin, Roye England. Mutumin Ostareliya ne, an haife shi a Perth a 1906, ya zo Ingila a 1925 yana saurayi, ya sauka a wani ƙauye kusa da Swindon. Baƙo ne, kuma ina jin baƙuncin ne ya buɗe masa ido, don ɗan gari ba ya ganin abin da ya saba gani. Ya tarar ana yaye jinkar gidaje ana maye ta da asbesto, ana rushe wasu, mota tana korar doki. Ba shi da kuɗin sayen gidajen, ba shi da ikon hana kowa. Sai ya hau kekensa da igiyar awo da kyamara da littafin aljihu, yana bin ƙauyuka yana sallama, yana roƙon a bar shi ya auna bango da taga da tsayin bututun hayaƙi, yana rubuta launin kowane abu. A 1931 ya fara gini na farko, wata tsohuwar mashaya da ya raɗa wa suna Waggon and Horses, ya shafe wajen shekara biyar a kanta. Ga ta can a cikin ƙauyen har yau, za ka iya ɗora ta a tafin hannu biyu. A 1954 ya sami wata tsohuwar mashaya a nan Long Wittenham mai suna Three Poplars, ya mayar da ita masaukin matasa matafiya, yana nuna wa masu kwana 'yan gine-ginensa. Daga cikin masu zuwa kallo aka sami masu zama su taya shi: wani gwanin injuna ne, kamar Guy Williams da ya ƙera da yawa daga cikin waɗanda ke gudu a wurin, wani taragai, wani itatuwa. Ya rasu a 1995 aikin bai ƙare ba. Har yau ana ƙara wani abu, ana gyara wani.

Ƙauyen da ke kan tudun, Pendon Parva, ba a taɓa yin sa a duniya ba. Amma gidajen cikinsa an yi su, an tsinto su ne daga ƙauyuka daban-daban aka zaunar da su wuri guda. Dattijon ya riƙa nuna mini da yatsa: wannan an rushe shi, wannan yana nan amma ba za ka gane shi ba, wannan sai a nan kaɗai ya rage.

Lokacin azahar ya yi, na tambaye shi inda zan ɗan raɓa. Bai yi wata-wata ba ya kai ni wani lungu mai tsabta, ya tsaya daga nesa da yaron har na idar. Da na fito na tarar ya sayo mana shayi. Shayin Ingila dai, ruwa-ruwa, ba kauri ba daɗin kirki, amma na sha don mutunci.

A kan shayin nan ne na gane Pendon ba ita ce uwar ɗakinsa ba, nan yana zuwa ne taimako lokaci-lokaci. Gidansa na gaskiya wani ƙaramin kulob ne a garinsu, wanda ya shiga yana ɗan shekara goma sha biyar, yanzu ga shi yana neman tamanin. Sun fara a wani ɗaki bayan coci, aka tashe su, suka koma saman wani kanti, aka sayar da kantin, yanzu suna hayar wata rumfa kusa da filin ƙwallo. Ya yi sakatare, ya yi ma'aji shekara talatin, ba don ya iya lissafi ba, a cewarsa, sai don duk ranar zaɓe kowa sai ya sunkuyar da kai. Mabuɗin rumfar yana hannunsa. Kowace Talata yakan riga kowa da awa guda ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, don sanyi na sa katako ya motsa, tsofaffi kuma su ƙi zuwa. Sau ɗaya a shekara suna baje koli a zauren wata makaranta, su kwashi tebura da daren Juma'a, su mayar da yammacin Lahadi. Da kuɗin ƙofa da na shayi da kek ake biyan hayar shekara. Matarsa ce ke riƙe da teburin shayin har Allah ya yi mata rasuwa.

Na ce, "To kai me kake ginawa yanzu?"

Ya ɗaga hannunsa na dama ya bar shi a iska. Yana rawa, kaɗan-kaɗan, kamar ganye. Ya ce rabonsa da fentin bulo shekara shida. Yanzu aikinsa goge layi. Ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu, duk jikinsa layuka ne baƙaƙe bibbiyu, a jere kamar an buga da rula. Ya ce wutar da ke tafiyar da jiragen ta cikin dogon take bi ta shiga ƙafafun inji, don haka 'yar ƙura ko maiƙon yatsa ya isa ya sa jirgi ya yi tuntuɓe ya tsaya a gaban 'yan kallo. Sai ya naɗe ƙyallen a yatsa ya nuna mini a gefen tebur yadda ake bi, a hankali, ba a dannawa, a kula da wurin da layi ya rabu kada a karya harshen. Ya ce rawar hannu ba ta hana wannan, in ma ta yi wani abu, taimakawa take yi. Ya yi dariya, ni na kasa.

Na yi masa tambayar da kowane Bahaushe zai yi: nawa ake ba shi? Ya ce shi ke bayarwa, kuɗin ƙungiya duk shekara, kuma shi ne mai bin waɗanda ba su biya ba.

Na san irinsa. A unguwarmu akwai tsohon da ya shekara arba'in yana share masallaci yana cika butoci kafin asuba, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya san ranar da ya fara, sai ranar da ya kwanta ciwo aka ga butoci a bushe. Akwai masu haƙa kabari da ba sa karɓar ko sisi. Amma su waɗannan mun san abin da suke nema, kuma mun san wurin Wanda suke nema. Shi wannan fa? Na juya tambayar a raina na ga ba ta da ladabi, na haɗiye. Abin da na iya ganewa dai, akwai mutum goma sha wani abu da ke da wurin zuwa ranar Talata saboda shi, wasunsu matansu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun yi nisa, kuma a ƙasar da maƙwabci ke iya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ɗauka waliyyai ne. Da na tambaye shi ko suna faɗa, sai ya gyara zama. Ya ce jiragen da ake sayarwa a kanti faɗin layinsu milimita 16.5 ne, alhali in za a bi ma'auni tsakani da Allah 18.83 ya kamata, don dogon gaske ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi. Wasu suka ce ba za su zauna da ƙarya ba, suka koma 18.2, irin wanda Pendon ke amfani da shi. Wasu suka ce wannan ma rabin gaskiya ce, suka tafi 18.83 cif. Ya ce ya san mutum biyu da suka yi shekaru ba sa gaisawa, kuma abin da ke tsakaninsu bai kai milimita ɗaya ba. Na yi dariya har na ƙware, don ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta taɓa darewa biyu a kan launin ankon taron shekara.

Abin da ke damunsa ba faɗan ba ne, tsufa ne. Ya ce kulob mafi daɗewa, wanda aka kafa a Landan a 1910, yana nan kusa da tashar King's Cross suna haɗuwa duk Alhamis. Amma a farkon 2024 kulob ɗin Warley, wanda ya shekara talatin yana shirya babban baje kolin ƙasa a Birmingham, ya ce ya ajiye, don masu ɗaukar nauyin sun tsufa. A watan nan dai babban kantin Hattons, da aka buɗe a Liverpool tun 1946, ya ba da sanarwar rufewa. Ya ce ba wai mutane sun daina son abin ba ne. A 2019 wasu samari sun fasa zauren wata makaranta a Stamford da dare suka ragargaza kayan baje kolin kulob ɗin Market Deeping, aikin shekaru ya zama tsinke, amma cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara musu sama da fam 100,000, har wani fitaccen mawaƙi, wanda shi ma ɗan harkar ne, ya ba da fam 10,000. Ya ce masu ba da kuɗi suna nan, masu saye a intanet su yi wasansu a ɗaki su kaɗai suna nan. Wanda zai karɓi mabuɗi ya zo da awa guda kafin kowa shi ne bai gani ba tukuna. Autan kulob ɗinsu shekararsa hamsin da takwas.

Don in ɗan sauƙaƙa masa, sai na ce ai ni ma ɗan reluwe ne, na ba shi labarin tasharmu. Nan take idonsa ya kawo haske. Ya tambayi faɗin layinmu, na ce tsohon ƙafa uku ne da inci shida, sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ne irin nasu. Bai ko ɗaga ido sama ba ya ce, "Milimita goma sha huɗu." Na ce Baba yakan ba mu labarin wani ƙaramin jirgi da ke tashi daga Zariya zuwa Jos, mai ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957 ina cikin zanen goyo. Ya ce, "Goma." Ya ce injunanmu da yawa a ƙasarsu aka ƙera su, zanensu ba zai yi wuyar samu ba, ginin tasha ne ba a samu a littafi. Ya jawo takardar goge baki da biro.

"Yallaɓai, tagogi nawa ne a tasharku, ta gefen dogo?"

Na buɗe baki na rufe. Shekara goma sha huɗu na yi ina wasa a gindin bangon nan. Na san sanyin simintin barandar da rana tsaka, na san ƙarar ƙararrawar, na san mai ƙosai da ke zama gefen sikeli lokacin auduga. A nan muka riƙa zama da Yayana muna fere karan dawa, mu yi tarago da sille, mu yi ƙafafu da totuwa, mu jona su da ƙaya, wani lokaci mu yi inji da gwangwanin madara mu cusa tsumma mu kunna don ya yi hayaƙi, har ranar da muka kusa ƙona danga Baba ya zane mu. Ashe ni ma na yi harkar, na manta ne. Amma tagogi? Uku suka zo mini, huɗu suka zo mini.

Na ce, "Huɗu ne, ina ji."

Ya ce, "Kana ji." Bai faɗa da raini ba. Ya ajiye biron, ya ce in akwai wanda zai iya zuwa, a ɗauki hoto daga gaba sosai, ba a karkace ba, a jingina sanda mai tsawon da aka sani a jikin bango, a auna ƙofa guda, sauran lissafi zai fitar da su. Sannan ya ciro wani ɗan gwangwanin taba daga aljihu, ya buɗe, ya ɗauko guntun kwali kamar rabin katin waya. Bango ne, rabinsa an yi fenti, rabinsa fari da tsagin bulo kawai. Ya ce shi ne na ƙarshe da ya fara. Ya miƙa wa jikana ya ce ya ƙarasa, in ya ɓata ba komai, kwali ne.

A jirgin komawa yaron bai ce uffan ba, yana riƙe da kwalin a tafin hannu kamar ɗan tsako. Muna isa gida na kira Yaya, da yake a watannin nan agogonmu da nasu ɗaya ne.

"Yaya, barka da dare. Don Allah tagogi nawa ne a tashar nan tamu, ta gefen dogo?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Lafiyarka kuwa? Daga Ingila ka kira ni ana shirin kwanciya don ka tambaye ni taga?"

Na ce ya dai faɗa. Ya ce uku. Na ce huɗu. Ya ce shi ya girme ni, na ce ni na fi shi zama a barandar, don shi kullum yana wurin ƙwallo. Ya ce rabonsa da wurin shekara tara, kuma ko a lokacin kwanon ya tafi, awaki ke kwana a ofishin tashamasta. Na roƙe shi ya tura ƙaramin ɗansa da tef da waya, na karanta masa sharuɗɗan dattijon, sanda da komai. Ya ce ya ji, amma wa zai zuba wa babur mai? Na ce ni.

Hotunan sun iso ranar Laraba. Bangon yana tsaye, ya fi yadda nake tsammani ƙanƙanta, ga ɗan Yaya a gefe ya riƙe taɓarya a madadin sanda, ya rubuto cewa tsawonta ƙafa huɗu da inci biyu. Tagogi uku ne. A can ƙarshe, kusa da inda sikeli yake a da, akwai wani wuri mai kusurwa huɗu da aka toshe da bulon siminti, launinsa ya bambanta da sauran.

Jikana ya riga ya kwashe kwalin da aka sako sabuwar rigar babansa a ciki, ya baje a teburin cin abinci da rula da reza, uwarsa tana faɗa. Ya ƙura wa hoton ido, ya yi lissafinsa na huɗu-huɗu a gefen takarda, sannan ya ɗago.

"Kaka, ta huɗun, in toshe ta ko in buɗe?"

Na ce ya buɗe, kuma ya bar wurin mai ƙosai a gindinta.